IN MAGANI YA ZAMA GUBA, LAIFIN WA?

Duk wanda ya taɓa kwanciya asibiti, ko ya yi jinyar wani nasa, ya san sa'ar nan da ma'aikaciyar jinya takan shigo ɗaki da tiren magani, tana bi gado gado, wannan ta miƙa masa ƙwaya, wancan ta yi masa allura. Majiyyaci ba ya tambaya, ɗan jinya ma ba ya tambaya. Sai dai a buɗe baki a haɗiye, ko kuwa a miƙa hannu a kau da kai. To, wannan amana ce wadda ba ƙarama ba. Likita shi ke rubuta magani, mai harhaɗa magani shi ke fitarwa, amma hannun nas shi ne na ƙarshe. In likita ya yi kure, mai harhaɗawa yana iya ganewa. In mai harhaɗawa ya yi kure, nas tana iya tarewa. Amma in kuren nata ne, sau da yawa ba wanda ya rage tsakaninsa da jikin majiyyaci.

Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wata shari'a da aka yi a Amurka a shekarar 2022, wadda ta tayar da hankalin ma'aikatan jinya a ƙasashe da yawa. Ko da yake a nesa abin ya faru, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Abin Ya Faru

A birnin Nashville, cikin Jihar Tennessee, akwai wani babban asibiti na Jami'ar Vanderbilt. Cikin watan Disamba 2017 aka kwantar da wata tsohuwa mai shekara 75 a can, domin jini ya taru mata a cikin kai. Ta fara samun sauƙi, har ana zancen sallamarta. Ran 26 ga wata aka kai ta ɗakin ɗaukar hoto, da yake kuwa tana jin tsoron a shigar da ita cikin na'urar, sai likita ya rubuta a yi mata allurar wani magani mai kwantar da hankali, wanda sunansa na kasuwa Versed, sunansa na asali kuwa midazolam.

Aka aiki wata nas mai suna RaDonda Vaught ta je ta yi allurar. A asibitin nan ba a kabad ake ajiye magani ba, a cikin wani akwati ne mai kwamfuta, wanda ba ya buɗuwa sai an rubuta masa sunan abin da ake nema. Nas ɗin ta buga haruffa biyu na farko, watau V da E, ba ta ga kome ba, gama akwatin da sunan asali ya san maganin. Sai ta danna wurin da ake dannawa in ana gaggawa, wanda ke ba nas damar ɗaukar maganin da ba ya cikin jerin na majiyyacin, ta sāke buga haruffan nan biyu. Wani suna ya fito, ta ɗauka. Ashe vecuronium ne.

Shi vecuronium magani ne na ɗakin tiyata. Aikinsa shi ne ya shanye dukkan naman jiki, har da wanda mutum ke numfashi da shi, ba ya kuwa sa barci, ba ya kashe zafi. Don haka ba a yi wa kowa shi sai wanda ake shirin taimaka wa da na'urar numfashi. Nas ta yi wa tsohuwa allura ta koma bakin aikinta, ba a bar kowa yana duban numfashinta ba. Bayan kamar rabin sa'a aka tarar ba ta motsi. An yi ƙoƙari zuciyarta ta komo, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace. Kashegari, ran 27 ga wata, ta cika.

Da nas ɗin ta gane abin da ta yi, a ranar nan ta faɗa wa likitoci da shugabanninta, ba ta ɓoye kome ba. Asibiti ya kore ta cikin Janairu 2018. Amma shi asibitin bai kai rahoto ga hukumomin da doka ta ce a kai wa ba, aka rubuta mutuwar kamar ta ciwo ce kurum, aka kuma sasanta da iyalin marigayiyar a asirce. Sai cikin Oktoba 2018 wani wanda bai bayyana sunansa ba ya tsegunta wa hukuma. Masu bincike na gwamnatin tarayya suka zo, suka yi wa asibitin kashedi za a tsai da kuɗin da gwamnati ke biyansa in bai gyara ba, shi kuwa ya kawo shirin gyara aka karɓa.

Ita nas kuwa, aka gurfanar da ita gaban shari'a cikin Fabrairu 2019. Hukumar ma'aikatan jinya ta jihar ta karɓe takardar izinin aikinta cikin Yuli 2021. Ran 25 ga Maris 2022 kotu ta same ta da laifin kisan kai ta hanyar sakaci, da na mummunan sakaci da majiyyaci mai rauni. Doka ta ba da damar a ɗaure ta har shekara takwas, amma ran 13 ga Mayu 2022, yayin da ɗaruruwan ma'aikatan jinya suka cika ƙofar kotun, alƙaliya ta yanke mata ɗaurin talala na shekara uku. Waɗansu daga cikin iyalin marigayiyar ma sun ce ba su so a kai ta kurkuku. Asibitin kuwa ba a tuhume shi da laifin kome gaban kotu ba.

Rabon Alhaki

Mu dai ba mu ce nas ɗin nan ba ta da laifi ba, ita ma da bakinta ba ta ce haka ba. Versed ruwa ne, vecuronium kuwa gari ne, sai an zuba masa ruwa an kaɗa kafin a zuƙa a sirinji. Wannan kaɗai ya isa ya tsai da hannunta. A bisa murfin kwalbar an rubuta gargaɗi cewa magani ne mai shanye jiki. Akwatin ma ya nuna mata gargaɗi ba sau ɗaya ba. Ta juya bayan kwalba ta karanta yadda ake haɗawa, amma ba ta dubi gabanta inda sunan yake ba. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna, rai kuwa ya salwanta. Karɓe takardar aikinta hukunci ne wanda ke hannun hukumar sana'arta, ba mu kuwa ga abin musu a ciki ba.

Amma in za a bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Nas ɗin ta shaida cewa a lokacin nan asibitin yana fama da sabon tsarin kwamfuta mai jinkiri, har danna wurin gaggawa ya zama al'adar yau da kullum. Gargaɗin da mutum ke gani sau da dama kowace rana, a kan abin da ya kai da wanda bai kai ba, ƙarshenta ido ya kan daina ganinsa. Akwatin ya yarda ya ba da magani mai kisa da haruffa biyu kacal. A ɗakin hoton babu na'urar da ake haska lambar kwalba da ta hannun majiyyaci don a ga ko sun dace. Ba a kuma tsara cewa lalle wani ya tsaya kan wanda aka yi wa allurar kwantar da hankali ba. Ga shi kuwa a wannan sa'a tana tare da wani sabon ma'aikaci da take koya wa aiki, suna magana. Da ɗaya daga cikin ƙofofin nan a rufe take, da wataƙila tsohuwar ta koma gida.

Abin da ya fi damunmu shi ne darasin da shari'ar ta koya wa sauran ma'aikata. Wadda ta faɗi gaskiya tun ranar farko ita aka kai gaban alƙali, aka kuwa yi amfani da maganganunta a kanta. Wanda ya yi shiru wata goma bai ga ƙofar kotu ba. To, nas ɗin da ta yi kure gobe da tsakar dare, ba wanda ya gan ta, me za ta zaɓa? Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun a lokacin shari'ar. Kuren da aka ɓoye ba a gyara shi, yana nan yana jiran majiyyaci na gaba. A shekarar 2024 Jihar Kentucky, maƙwabciyar Tennessee, ta kafa dokar da ta hana a tuhumi ma'aikacin lafiya da laifi don kuskuren da ya yi a bakin aiki, sai fa in da ganganci ko mummunan sakaci a ciki. A ganinmu wannan ita ce hanya: a rarrabe tsakanin wanda ya yi kure, da wanda ya saba ketare ƙa'ida, da wanda ya yi mugunta, kowa a ba shi abin da ya dace da shi.

Girman Matsalar

Kada mai karatu ya zaci abin na asibiti ɗaya ne. Cikin Maris 2017, a birnin Bonn na Jamus, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage mummunar cutarwar da ake iya kauce wa wajen ba da magani, da nufin a rage ta da rabi cikin shekara biyar. Ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna jawo wa duniya hasarar dala biliyan 42 kowace shekara. A Ingila kuwa, wani nazari da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta ana yin kure wajen miliyan 237 a shekara. Yawancinsu ba su cutar da kowa, amma fiye da rabinsu a wajen miƙa magani ga majiyyaci suke aukuwa. In haka abin yake a ƙasashen da ke ƙidayawa, ƙasar da ba ta ƙidaya ba za ta ce ta tsira ba. Rashin rubutu a littafi ba shi ne rashin aukuwa ba, kowane akawu ya san wannan.

Ƙa'idodi Biyar

A makarantun koyon jinya ana koya wa ɗalibai abu biyar da za su tabbatar kafin su ba da kowane magani. Na ɗaya, majiyyacin shi ne, a tambaye shi sunansa ya faɗa da bakinsa, a gwada da katinsa, kada a dogara da lambar gado, gama akan canja wa mutane gado. Na biyu, maganin shi ne, a karanta sunansa sa'ad da aka ɗauko, da sa'ad da ake aunawa, da kuma kafin a ba da shi, a dubi ranar lalacewarsa. Na uku, yawan da aka rubuta shi ne. Na huɗu, hanyar ita ce, ko ta baki, ko ta tsoka, ko ta jijiya. Na biyar, lokacin shi ne. Daga baya aka ƙara waɗansu: a tambaya ko akwai maganin da jikin mutum ba ya so, a rubuta abin da aka ba shi nan take bayan an ba shi, a kuma komo a dubi yadda ya karɓe shi. Wannan na ƙarshe shi ne wanda da an yi shi a Nashville da an ceci rai, ko da an riga an yi kuren kwalba.

Sai dai ƙa'idodin nan biyar suna faɗin inda ake so a isa ne, ba su share hanyar zuwa ba. Ba nas ɗin da ke fitowa daga gida da niyyar ta ba da maganin da ba shi ba. Gajiya ce, da gaggawa, da katsewar hankali. A 2010 aka buga wani nazari da aka yi a asibitoci biyu na birnin Sidni a Ostireliya, inda aka tsaya ana kallon ma'aikatan jinya suna rabon magani. Aka ga duk sa'ad da aka katse nas da magana ko kira, yiwuwar kurenta yana ƙaruwa da wajen kashi 12 cikin 100. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Don haka ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni ba su tsaya ga yi wa ma'aikata wa'azin su mai da hankali ba, sai suka gyara wurin aikin yadda kure zai yi wuya. Ga misali, ruwan gishirin potassium mai kauri, in aka tura shi cikin jijiya ba a sirka ba, yakan tsai da zuciya, kwalbarsa kuwa ta yi kama da ta ruwan haɗa allura. A 2002 Ingila ta ba da umurni a janye shi daga ɗakunan majiyyata na yau da kullum, a kulle shi dabam. Akwai kuma vincristine, maganin ciwon daji, wanda ta jijiya kaɗai ake ba da shi. A 2001, a wani asibiti na Nottingham, likitoci suka yi wa wani saurayi mai shekara 18 allurarsa a gadon baya, ya mutu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a daina zuba shi a sirinji, a riƙa sa shi cikin 'yar jakar ƙarin ruwa, wadda ba mai ɗauka ya yi allurar baya da ita. Bayan abin da ya faru a Nashville kuma, masana suka ba da shawara kada akwatin magani ya nuna suna sai an buga masa haruffa biyar.

Abin Da Ya Shafe Mu

Yawancin asibitocinmu ba su da akwati mai kwamfuta, kabad ne da kati da alƙalami. Amma kwalabe masu kama da juna suna nan. Ga tranexamic acid, wanda ke tsai da zubar jini bayan haihuwa. An gwada shi ga mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, aka fitar da sakamako a 2017, ya kuwa zama magani mai ceton rai a ɗakunan haihuwa. Amma cikin Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa ana rikita kwalbarsa da ta maganin kashe jiki wanda ake yi wa mata a gadon baya kafin a yi musu tiyatar haihuwa, in kuwa ya shiga nan yakan jawo jijjiga har ya kai ga mutuwa. Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi: a raba wa kwalaben nan biyu wurin ajiya, a kuma karanta suna da ƙarfi wani ya ji.

Ga kuma ƙarancin ma'aikata. A 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa fiye da 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ke ɗauke da kayan waɗanda suka tafi. Wanda ya bar nas ɗaya da ɗaki cike da majiyyata dare guda, sa'an nan ya zo da safe yana neman mai laifi, to, ya fara duban kansa.

Malaman makaranta ma suna da hannu a ciki, ko da ba su sani ba. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. In an rubuta a ba shi miligiram 15 na farasitamol ga kowane kilo, nauyinsa kuwa kilo 10 ne, ya zama miligiram 150. In kwalbar tana da miligiram 120 a kowane mililita 5, abin da zai sha ya ɗan ɗara mililita 6. Wannan lissafin firamare ne, amma rai yana rataye a kansa. Ɗigo ɗaya in ya ɓata, abu ya ninka sau goma. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan asibiti su rubuta 0.5, kada su bar ɗigon tsirara a ɗauka 5 ne, su kuma rubuta 5 kurum, ba 5.0 ba, kada a karanta 50. Haka nan harafin U da waɗansu kan rubuta bayan adadin allurar ciwon sukari, akan ɗauke shi sifiri ne, 10 ta koma 100. Malamin da ya bar yaro ya wuce aji bai gane ɗigo ba, ko bai iya rubutu mai karantuwa ba, bai san inda yaron zai tsaya gobe ba.

Shawararmu ga masu riƙe da asibitoci ita ce su fara da abin da ke hannunsu. A ware magunguna masu haɗari a kulle su dabam da alama bayyananna. A sa mutum biyu su duba awon allurar ciwon sukari, da ta hana daskarewar jini, da maganin jarirai, kowa ya yi lissafinsa shi kaɗai kafin su gwada. A hana kiran nas sa'ad da take rabon magani sai da larura. A ba ta ikon mayar wa likita da rubutun da ba ya karantuwa, ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Fiye da duka, a buɗe littafin rubuta kure, har da wanda aka tare kafin ya isa jikin majiyyaci, a riƙa zama a kansa kowane wata don a gyara, kada ya zama littafin neman wanda za a kora. In kuwa kure ya cuci wani, a faɗa wa iyalinsa gaskiya.

Jama'a kuma, kara ba ta hana tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita nasiharta ga majiyyata cikin abu uku: ka san maganinka, ka duba, ka tambaya. In jiya ƙwaya fara aka ba mahaifiyarka yau kuwa ja, ka ce cikin ladabi, ranki ya daɗe, an canja mata magani ne? In akwai maganin da ya taɓa tayar mata da ƙuraje ko kumburi, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba, haka nan duk abin da take sha a gida, na kanti ko na gargajiya. Nas ta kirki ba ta jin haushin wannan, gama ta san ido huɗu ya fi biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma taimaki masu jinyarsu a kan wannan amana mai nauyi.